Baƙon Bayan Rumbu

Litinin, 18 ga Maris 1968, da hantsi

Kai da ka tsinci takardun nan, ka taɓa zama a gidan da kowa ya san abu, har kajin gidan sun sani, amma wanda ya buɗe baki ya faɗe shi shi ne mai laifi? In ba ka taɓa ba, ajiye ka je ka sha iska. In kuwa ka taɓa, zauna. Ba ni da wanda zan yi wa magana sai kai, kai ɗin ma ban sa ran za ka fi su amfani ba.

Sunana Zaidu. Gidanmu a gungu yake, tsakiyar Kwara, gangaren Yelwa. Albasa muke nomawa, in ta ƙi mu koma ga kifi. Ba wanda ya sa ni makaranta. Da takardun ƙunshin kaya na kasuwa na koyi boko, ina tare mutane da tambaya har suka fara sauya hanya in sun hango ni. A bayan takardar buhun siminti nake wannan rubutu, simintin da ake gina mana gidaje da shi can tudu, tunda an ce bana ruwan dam na Kainji zai hau kan gungun nan ya shafe shi. Su suka yanke. Mu ba a tambaye mu ba.

Amma ba wannan ya zaunar da ni ba. Rabi ce, ƙanwata mai bi mini. An mai da ita bukkar bayan rumbuna. Da fari zazzaɓi ne da ciwon baya, jiya abin ya feso mata a goshi da hannuwa. Baba Tamada, wan mahaifinmu, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar babanmu, ya leƙa ya fito ya ce, "Mun yi baƙo."

Daga nan ba wanda ya ƙara komai.

Litinin, da la'asar

Baƙon nan ya fi hakimi tsirfa. In ji Baba Tamada, ba ya son ƙamshin suya, ba ya son a ɗaga murya, ba ya son kuka, ba ya son a kira sunansa. Sama da komai ba ya son ƙarfe. An tattara wuƙaƙe da lauje da fartanya da aska an kai ƙarshen gungu an lulluɓe da tabarma. Wanzami ba zai taɓa kan kowa ba sai ya tafi. Fensirina ma a jikin dutse nake goga shi. Bukkar kuwa ba mai shiga sai wanda baƙon ya taɓa sauka a jikinsa, wato Inna da Baba Tamada, shi da fuskarsa duk zanzana ce.

Na ce, "To shi baƙon, wa ya gayyato shi?"

Yayana Yusha'u ya taka mini ƙafa. Inna ta ce, "Zaidu, don girman Allah, bakinka."

Bakina. Tun ina yawo ba wando ake ce mini bakina.

Talata, da safe

Ni ke kai ruwa. Ina ajiye tulu a bakin zana in koma baya, Inna ta miƙo hannu ta ja. Yau na ƙi komawa, na tsuguna jikin zanar.

"Ke, sarauniya, an ce an yi miki ado."

Ta yi dariya har ta yi tari. "Kishi kake, baƙin mummuna. Kai ko kwalliya ba ta kama ka."

"Da zafi?"

"Kamar an kwantar da ni cikin barkono. Ka shayar da fangalin albasata?"

"Na shayar."

"Ƙarya kake. Ƙwarya biyu ka watsa ka zauna karanta takardar sabulu."

Ta san ni. A gidan nan cike da mutane, ana tuƙa tuwo a tukunyar da yaro zai iya ɓuya a ciki, ita kaɗai ce in na karanto abu take cewa, "Sai kuma me?" Sauran cewa suke, "To, malam, a tashi a ɗebo ruwa." Na koya mata haruffa a kan yashi. Ta tsaya a kan R ta ce ya ishe ta, tunda shi ne nata.

Laraba, da azahar

Yau Baba Tamada ya tara mu ƙarƙashin tsamiya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata.

"Wanga baƙo mai sauƙin kai na. Ƙurajen warwatse suke, ɗai-ɗai. In sun nuna, ran Litinin, sai a yi dashe."

Ga yadda dashe yake, don kai mai karatu wataƙila ɗan birni ne. Ana samun ƙayar aduwa, a tsokano ruwan ƙurjin mai ciwo, a karce bayan hannun mai lafiya a shafa. Kamar yadda muke cire irin albasa mu dasa a wani fangali. Sai ka yi zazzaɓi, ƙuraje kaɗan su fito maka, ka warke, shi ke nan kun saba da baƙo har abada. Haka aka yi wa Inna tana yarinya. Haka aka yi wa ƙanenta ma.

Na ce, "Baba, shi ƙanen Inna ina yake?"

Ya dube ni. "Kwanansa sun ƙare."

"Da ƙayar ko ba da ita ba?"

Inna ta tashi ta bar wurin. Barakatu matar Yusha'u ta gyara goyon ɗanta Maliki, ta sunkuyar da kai. Da aka zo cin tuwo ba wanda ya yi mini magana. Miyar ba mai, ba suya, kamar an dafa ruwan Kwara.

Alhamis, bayan la'asar

Na kai albasa Yelwa. A bakin kasuwa na iske layi, mata da yara sun naɗe hannun riga. Masu lambar rigakafi ne. Ba irin na da ba masu karce mutum da 'yar wuƙa. Wata bindiga ce ta ƙarfe mai igiya, mutum ya taka da ƙafa, ya ɗora maka a dantse, ka ji tas, an gama. Na karanta takardar da suka manna a bango. Sunan baƙonmu ne a rubuce ƙato-ƙato, kowa na wucewa, bango bai faɗi ba.

Mai riƙe da bindigar wani baƙin mutum ne mai wushirya, na ji ana kiransa Bitrus, mutumin Zuru. Ya gan ni tsaye ya ce, "Kai Bagunge, karatu ka zo ko lamba? Bangon ba ya warkarwa."

Na ce, "Ku da kuka zo nutsar da garinmu, yaushe kuka fara ƙaunar dantsena?"

"Ni ban san dam ba, abokina. Ni hannu na sani."

"Jirgin masu ƙidayar rumbuna ya san hanyar gungunmu. Ya zo, ya koma, ya sake zuwa, har bishiyar gwanda sun rubuta. Naku jirgin fa? Ruwa yake tsoro?"

Ya daina dariya. Ya ce gungayen da yawa, su kaɗan ne, sai an bi da bi. Amma in aka kawo musu labarin ciwon ya ɓulla a wuri, ranar suke ƙetarawa. Na ce, in sun ƙetara fa? Ya ce a yi wa kowa lamba, a ware mai ciwo, a ƙone tabarmi da tsummokaransa.

Na ce wani abokina ne ke tambaya: in mutum ya yi lamba, zai iya shiga wurin mai ciwon?

"In ta kama, ta tashi ta yi ruwa, kamar mako guda, ya shiga ya kwana ma in ya so." Ya dube ni sama da ƙasa. "Abokin nan naka, bakinsa irin naka ne?"

Ban yi lambar ba. Na tuƙo gida ina zagin kowa, har kifin da bai yi mini komai ba.

Juma'a, da safe

Na gaya wa Rabi ta jikin zana. Ta ce, "Zaidu, ka rantse ba ka kai ƙarata. Kada a ɗauke ni a kai ni wata rumfa bayan gari in kwanta cikin mutanen da ban sani ba."

Na rantse.

"Shi ƙarfen fa, za ka yi?"

"Baba ya ce in ƙarfe ya taɓa jinin gida baƙo na nan, zai yi fushi ya huce a kanki."

"Kai ka yarda?"

"Ban yarda ba."

"To mi ya hana ka?"

Ta ce, "Inna tana zuwa, tana shafa mini magani, ba ta magana, don kar ta yi kuka. Baba yana zuwa yana duba ni kamar mai duba gona. Ni dai wanda zai zauna ya dame ni da surutu nake so."

Juma'a, da yamma

Ƙaya ko ƙarfe. Ƙaya ta kashe ƙanen Inna. Ƙarfe na mutanen da suka auna kabarin babana da igiya suka ce ba ya cikin abin da ake biya.

Ban yarda da Baba Tamada ba. Ban yarda da su ba. To da wa na yarda? Na zauna bakin ruwa har aka kira magariba, ba wanda ya zo nemana.

Asabar, da azahar

Na yi.

Ban ma kai albasa ba, jirgi wofi na tuƙa. Bitrus ya ce, "A'a, abokin ya aiko ka?" Na ce, "Harba ka rufe mini baki." Tas. Ko cizon cinnaka ya fi shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Na san halinku. Kada a shafa lemun tsami, kada a shafa toka. In ka kashe ta, ka yi wahalar banza."

Duk hanya ina taɓa wurin. Ba komai, ɗan tudu kawai. Na saki hannun riga.

Lahadi, da safe

Na kai ruwa. Na ce, "Sarauniya." Ta amsa, amma muryar kamar daga cikin tulu. Ta ce maƙogwaronta. Ba ta tambayi fangalinta ba.

Litinin, 25 ga Maris, da hantsi

Ranar dashe. Duk gidan an jeru ƙarƙashin tsamiya, yara na ɓuya bayan iyayensu. Baba Tamada ya shiga bukka da ƙayoyi cikin 'yar ƙwarya. Ya daɗe. Da ya fito, ƙwaryar na hannunsa yadda ya shiga da ita.

"Babu dashe. Iri ya ɓaci. Ƙurajen sun haɗe, sun zama ɗaya. Ba a ɗibar iri ga irin wanga." Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ran Juma'a lafiya lau na bar shi. Wani ya taɓa ƙarfe. Wa ya je inda anka rufe wuƙaƙe?"

Yara suka fara rantse-rantse. Wata ƙanwar babanmu ta kama ɗanta za ta doka, wai ta gan shi da ƙugiya. Da na yi shiru, da yaron ya sha duka, magana ta mutu. Amma ni ne fa.

Na naɗe hannun riga. "Ku bar yaro. Ga ƙarfen nan. Shekaranjiya, a Yelwa."

Ba a yi ihu ba, baƙo ba ya son ihu. Da an yi ma ya fi mini. Baba Tamada ya matso har ina jin numfashinsa, ya ce a hankali, "Shekaranjiya. Jiya kuma ta juye. Kai mai karatu, haɗa mini wanga lissafi."

Na ce, "Ciwo ne, Baba, tafiyarsa yake yi. Bai san dantsena ba."

"Ka kira shi ciwo kuma."

Yusha'u ya ce, "Kai dai tun da ka iya karanta gwangwani ka fi ƙarfin kowa. In wani abu ya sami yarinyar nan, kada ka ƙara ce mini yaya."

Litinin, da la'asar

Inna ta same ni bayan gida wurin jirage. Ta ɓoye abu cikin zane. Lemun tsami ne, an fasa shi da dutse, da toka a ganye.

"Kawo hannun, ɗana. Tun ba ta kama ba. In mun kashe ta, Babanku shi ba baƙo haƙuri, wataƙila shi sauko."

"Inna, in na kashe ta ba ni shiga wurin Rabi."

"In ka bar ta, wa za ka iske in ka shiga?"

Ban taɓa ganin Inna ta durƙusa wa kowa ba sai mahaifinmu. Ta durƙusa. Ta ce, "Hannunka biyu, Zaidu. Ɗiyata guda."

Na rufe dantsena da tafin hannu, na yi ta girgiza kai kamar jaki. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ajiye lemun a kan jirgi, ta ce, "Ga shi nan," ta tafi.

Yana nan har yanzu. Ina kallonsa.

Talata, da safe

Ba ni ba ne.

Talata, da yamma

An ware mini akushi. Ana ajiye shi a bakin zaure kamar na kare. Yara in sun gan ni sai su bi ta bayan rumbu. Na shayar da fangalin Rabi sosai, ƙwarya bayan ƙwarya, har ruwa ya kwanta. Albasarta ta fi ta kowa kai.

Na jefa lemun a Kwara. Na tsaya ina kallo ko zai dawo.

Laraba, da hantsi

Wurin ya yi ja, yana ƙaiƙayi. Na kai ruwa, na ce, "Rabi, ta fara kamawa. Ki jira ni." Na ji motsin tabarma. Inna ce ta amsa daga ciki: "Ta ji."

Asabar na yi lamba, Lahadi ta juye. To, da ban je ba fa, ranar Lahadi ba za ta zo ba? Takardar bango ba ta ce komai a kan wannan ba. Na karanta ta kaf, ba inda ta ce ga abin da za ka gaya wa uwarka.

Ba ni ba ne.

Alhamis, da azahar

Masu ƙidaya sun sake zuwa, da jirginsu mai inji, wai a shirya, kafin ruwan sama ya kankama za a kwashe mu. Baba Tamada ya tare su tun a bakin ruwa, ya ba su albasa, ya yi ta godiya. Ɗayansu ya ce, "Me ya sa duk mazan garin nan ba su yi aski ba?" Aka yi dariya. Ina tsaye, kalma ɗaya ce tsakanina da su. Na rantse wa Rabi. Na cije leɓe har na ji gishiri.

Juma'a, da safe

Ta tashi. Ƙurji guda, fari, cike da ruwa, da ɗan rami a tsakiya. Hammatata ta kumbura, jikina da ɗumi. Ban taɓa murnar ciwo ba sai yau.

Juma'a, bayan la'asar

Na je bakin bukka na iske Baba Tamada zaune a ƙofa.

"Ina za ka?"

"Ciki. Ka ce sai wanda ya sauka a jikinsa. Ga shi ya sauka."

Ya kama dantsena ya juya shi wajen haske. Ya daɗe yana dubawa, ya fi yadda na zata. Ya ce, "Wanga na gwamnati na. Ba namu ba."

Daga ciki Inna ta ce, "Yaya, bar shi shi shigo. Tun jiya shi take kira."

Bai ce e ba. Ya dai janye ƙafarsa.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Kai mai karatu, in kana jira, ka yi ta jira. Idanunta ba sa buɗuwa, wannan kaɗai zan faɗa.

Na ce, "Sarauniya, ga mummuna ya iso."

Leɓenta ya motsa. Na kai kunne. "Ka yi latti. Kullum kai ne na ƙarshe a gona."

Na zauna na yi ta zuba. Na ba ta labarin Bitrus da wushiryarsa, da gidajen tudu masu rufi a lanƙwashe kamar an kifa jirgi, da yadda Yusha'u ya koma kamar tunkiya don rashin aski. Na karanto mata takardar sabulu da ka. Ta ce, "Sai kuma me?"

Can ta ce, "Mu ga naka." Na ɗora yatsunta a kan dantsena. Ta shafa, ta sake shafawa, tana neman sauran.

"Guda ɗaya?"

"Guda ɗaya."

"Duk wannan hayaniya, guda ɗaya anka ba ka? Kai, gwamnati da rowa take."

Inna ta juya fuska jikin zana, kafaɗunta na rawa. Ban sani ba dariya ce ko ɗayan.

Asabar, da yamma

Yini na yi a ciki. Ina ɗiga mata ruwa da tsinke. Ta ce in rubuta mata harafinta. Na rubuta a ƙasa kusa da tabarma, na kai hannunta. Ta ce ƙafarsa ɗaya ta fi tsawo. Gaskiyarta.

Lahadi, 31 ga Maris

Yau ban kai ruwa bayan rumbu ba.

Litinin, da la'asar

Inna ce ta yi wankan ita kaɗai. Liman ya yi salla daga nesa, mutane a bayansa, can wajen tsamiya. Ba kuka. Ba gaisuwa. Ba a ma ce ta rasu ba, cewa aka yi baƙo ya tafi da ita rakiya.

Da aka zo ɗauka, Yusha'u ya taso. Baba Tamada ya ɗaga masa hannu: "Kai, tsaya can. Kana da ɗa." Ya waiwaya, bai dubi idona ba, ya ce, "Zaidu. Kama ƙafa."

Mu biyu muka kai ta. Mu biyu muka haƙa, da itace da ƙwarya, tunda ba a taɓa ƙarfe. Ƙasar rani, kamar dutse. Tsoho yana haƙa yana nishi, farcensa ya fashe, bai tsaya ba. Na ga hawaye na bin ramukan fuskarsa, ya ce zufa ce tun ban tambaya ba. Kusa da babanmu muka sa ta. Kafin kaka, jirgi zai bi ta kansu.

Da muka dawo, akushina na bakin zaure.

Talata, da safe

Ba mai ce mini ka kashe ta. Cewa suke, "Allah ya isa," in na wuce, suna kallon wani wuri.

An fara cire albasa da hannu. Fangalin Rabi ba wanda ya taɓa. Ni ma ban iya ba.

Talata, da yamma

Ƙurjina ya fara bushewa. Guda ɗaya. Da rowa take.

Laraba, da hantsi

Ina gyaran taru sai ga Barakatu, wai ta zo wanke tukunya. Tun Litinin ɗin dashe ba ta yi mini magana ba. Ta tsuguna nesa kaɗan, tana cuɗa tukunyar da ta riga ta fita.

"Ƙanen miji."

"Ashe ina da suna."

"Bar wannan. Shi mai bindigar, yana yi wa na goye?"

"Yana yi."

Ta kwance goyo ta juyo da Maliki. "Taɓa shi."

Na taɓa. Kamar dutsen murhu.

"Tun jiya. Na ce wa yayanka haƙori ne." Ta dube ni. "Haƙori ne, ko?"

Na ce ban sani ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na faɗi haka ba a matsa mini ba. Ta ce yaran ɗakin baya ma biyu ba su ci tuwo ba jiya. Babu dashe, iri ya ɓaci. Babu lamba, an hana. An bar gida guda zaune ana jiran baƙo ya zaɓa.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da la'asar

Rantsuwar da na yi, Rabi na yi wa. Ba mai ɗaukar ta ya kai ta rumfar bayan gari yanzu.

Na gyara jirgi. Gobe in an sallame Juma'a zan tuƙa Yelwa in taho da Bitrus da bindigarsa, ko da zan ɗauko shi a ka. Su ƙone tabarmin. Ruwa ma zai ci su.

Amma ba zan tafi a ɓoye ba kamar wancan karo. In na kawo shi gidan da aka ce ƙarfe ne ya kashe Rabi, mata za su gudu su ɓuya da 'ya'yansu, waɗanda aka kama kuma a shafe musu da lemun tsami kafin jirgi ya juya. Maganar mutum ɗaya suke ji a gungun nan, kuma ba ni ba ne.

Don haka gobe a ƙofar masallaci, gaban liman da mai gari da duk mazan nan masu gashi buzu-buzu, zan tsaya in naɗe hannun riga. Zan kira shi da sunansa, sunan da ke jikin bangon Yelwa. Bari in fara a nan in ga ko takardar za ta kama wuta.

Agana.

Ba ta kama ba.

Baba Tamada, kai ka riƙe mu da babanmu ya rasu, ban manta ba. Kai ka haƙa da farcenka, na gani. Amma ka juya dantsena wajen haske ka duba, kuma ka san abin da ka gani, don ba wanda ya fi ka sanin ƙurjin nan a duk Kwara. In lambar nan ba komai ba ce, in ita ce ta kashe Rabi, don me ka tsai da Yusha'u ka ce yana da ɗa? Don me ni ka ce in kama ƙafa?

Ba a zaure za ka amsa mini ba, ba da raɗa ba. A gabansu. Barakatu za ta tsaya bayan katanga da Maliki a bayanta, tana saurare. Ɗaga murya yadda za ta ji.